Awon Haske

Kawu Ilu ya bi malaman gona shekara goma sha tara,
yana ɗaukar domanar gero da tsutsar auduga.
Da dare a kafa farin zane a bangon makarantar Auyo,
majigi ya watsa hoto, wani manomi ya miƙe: "Ai gonata ce!"
Kyamararsa da fenti ya goge na gada,
da littafin awo,
da faɗa.

"Fim ɗin majigi ba ya yafiya," in ji shi.
"Na kati, mai wanki kan rufa maka asiri.
Wannan kuwa, yadda ka dama haka za a haska."
Talatin da shida ne a naɗi,
Kano ake kai shi, sati uku kana lissafin zunubanka.

Naɗina na fari a fadama na ƙarar:
balbela a gadon bayan baƙin sa.
Na bi allurar ma'auni kamar raƙumi da akala.
Da ya dawo, san ya fito har da ƙudan kunnensa,
balbelar kuwa ta zama huda,
wayam, ina hango fitila ta ƙirjinta.
Kawu ya ɗaga shi wajen taga.
"Ka ƙona tsuntsuwa.
Ma'aunin nan toka kawai ya sani.
Nuna masa kindirmo, ya ce toka.
Nuna masa gawayi, ya ce toka.
Ba ƙarya yake ba, iyakar karatunsa ke nan."

Ya koya mini awo da tafin hannu:
miƙa shi ga rana, karanta, ka buɗe idon gilashi taki ɗaya.
Ya koya mini kallon bakin inuwa.
In ta yi kaifin lauje, tsuke.
In gajimare ya dakushe ta, sassauta.
Na cika littafi: ranar kasuwa, bayan azahar, sha ɗaya, ya yi duhu.
Kashegari, gindin giginya, takwas, dama-dama.
"Tsare fari," yake cewa, "baƙi ya ji da kansa.
Duhu ajiya yake yi.
Abin da haske ya ci, sai dai ta'aziyya."

Yau tawa mai allo ce a baya,
hoto dubu a ɗan katin da bai kai farce biyu ba.
Na ce na huta.
Ashe allon ma mafaɗaci ne:
a tsakar rana ya ɓata fuska, sai in ƙara masa haske,
da dare a ɗaki in tarar na babbake buhunan masussuka.
Sai da na koyi karanta ɗan tudun da take zanawa,
tulin shinkafa tsakanin bango biyu.
In ya jingina da bangon dama, hatsi ya zube waje,
ba faifan da zai kwaso shi.

Bana yana ta rufe idon Kawu.
Duniyarsa duka ta koma balbelata.
Na same shi a gindin tsamiya da farar riga ta Juma'a,
rana tana yoyo ta cikin ganye, ɗigo a kafaɗa, ɗigo a gwiwa,
fuskar can cikin inuwar hula.
Ya miƙa hannu waje kamar mai jin yayyafi.
"Sha ɗaya. Kar ka wuce."

Na gwada sha ɗaya.
Kowane zare na aikin wuyan rigar ya fito,
shi kuwa babu shi, sai wani baƙin dutse mai hula.
Na buɗe taki ɗaya. Na ƙara wani.
Tudun ya ruga ya daki bangon dama.
Ga tsagar kumatunsa, ga tabon da ƙaho ya bar masa a goshi,
ga leɓen da bai taɓa cewa na iya ba.

Ya ji ƙarar sau uku.
"Ka ƙona rigar?"
Na ce na ƙona.
Ya daɗe yana murza bakin hannunta.
"To," ya ce, "da ma ta tsufa."